Kada Ku Ba Shi Wake

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban girma, na san babu mai kai maka wannan takarda dajin da kake. Mako uku ke nan da ɓarayin daji suka tare motarku a hanyar Tsafe, kana dawowa daga ta'aziyya a 'Yankuzo. Ina rubutawa ne don akwai laifin da na yi maka, ya tokare mini ƙirji.

Shekara shida muna yaƙi da cikinka, ni da kai. Ya kumbura kamar ganga, ka yi ta murƙususu a tsakar gida, yau gudawa, gobe bahaya ya ƙi fita. Ban manta ranar da azaba ta sa ka yi jifa da kwano har ya fasa randa ba.

Likitan Gusau ya ce hanjinka ne mai saurin fushi, maganinsa lura da abin da kake ci. Ni na riƙe littafin rubuta abincinka. Na kori wake da nono da ɗanyar albasa da lemon kwalba daga gabanka. Na koma yi maka tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ba yaji, kaɗan-kaɗan, ka tauna a hankali, ka bi da ruwan citta. Kakan ce, "Ke dai kin hi likita tsanani." Duk da haka ka saci ƙosai uku a ɗaurin auren Bungudu, kwana biyu ina gasa maka ciki ina yi maka dariya.

Ranar da ɓarayin suka kira waya, ƙaninka Bello ke magana da su. Ya gargaɗe ni kada in sa baki. Da na ji suna lissafa kayan abincin da za a kai musu, har da wake, sai na fizge wayar. Na roƙe su don Allah kada su ba ka wake da nono, na bayyana musu ciwonka tiryan-tiryan kamar ina gaban likita. Mutumin ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya, ya kashe.

Shekaranjiya wani tela ɗan Bungudu da suka sako ya zo har gida nan Damba, ƙafafunsa duk sun kumbura. Shi ya gaya mini. Tun daga ranar da na yi wayar nan suka daina ba ka shinkafa. Wake suke ɗura maka, wanda bai nuna ba, su toshe maka hanci su bi da nono. In cikin ya tashi, su buga shi da gindin bindiga, sannan su kira Bello don ya ji ihunka ya gaggauta kai musu kayan. Da can ba su san inda za su taɓa ka ba. Ni na nuna musu. Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa wuyanka ya yanka.

Ban yafe musu ba, kuma kada kowa ya zo mini da wa'azin haƙuri. Allah Ya kumbura cikin wanda ya toshe maka hanci har ya fashe. Hannun da ya ɗaga bindiga a kanka ya shanye, mai shi ya rasa mai ba shi ruwa.

Telan ya ce ka ba shi saƙo: "A ce mata ba laihinta ba ne, ita kaɗai ta tuna da cikina." Da zagina ka aiko da ya fi mini sauƙi, Baban Hafsatu.

Gobe Bello zai kai kayan. Na ce a cire waken, ya ce in babu shi a jikinka za su huce. Don haka da hannuna na auna shi. Na shimfiɗa tabarma, ni da Hafsatu muka tsince shi tsaf, ƙwaya-ƙwaya, ko ba komai kada ka tauna tsakuwa.

Ya Allah Ka kwantar da cikin bawanKa, Ka kwance igiyar da ke ƙafarsa, Ka dawo mini da shi ya ci tuwona da ɗuminsa. Amin.

Taka mai jiran sallamarka a bakin ƙofa,
Maman Hafsatu