Warin Takalmin Malam

Buza, Alhamis da dare, kwana arba'in da uku da rasuwar Malam

Yau motar masu agaji ta maido da waɗanda aka yanke wa ƙafa daga Madawa, kowa da ƙafar roba, kyauta. Ina takaba, ban fita ba, amma na ji guɗa a gidan Illa maƙwabcinmu. Na leƙa ta danga, na gan shi yana taka tsakar gida ba sanda, matarsa Hadiza tana dariya har da riƙe ciki. Allah ya yafe mini, ban yi musu murna ba. Tare aka rubuta sunansa da na Malam, tare aka auna su. Malam ne ma ya lallashe shi ya je.

Da la'asar Hadiza ta shigo. Tun shekarar fari da aka yanke musu ƙafa, mazajenmu takalmi ɗaya suke saye su raba, Malam ya ɗauki na dama, Illa na hagu. Ta yi ta kame-kame, sannan ta ce, "Yaya, maigidan yana son ya tafi Juma'a gobe da ƙafa biyu. Ko warin nan yana nan?"

Na ce ban san inda yake ba. Ƙarya na yi. Yana ƙarƙashin gadona, da jar ƙasar da ya taka ranar ƙarshe.

Da Malam ne, da tun ba ta rufe baki ba ya bayar. Na sani. Da safe zan miƙa mata ta kan danga, ba sai mun haɗa ido ba. Amma yau kam a wurina zai kwana.