Ƙofar da Babanki Ya Rufe

Bronwyn 'yata,

Ya yara, ya tarin ɗanki Lachlan? Muna lafiya, motar da muke yawo muna kwana a ciki ma lafiya. Babanki ne dai.

Kowa ya san a wuraren kiwon nan yadda ka tarar da ƙofar shinge haka kake barinta. Muka tarar da wata a buɗe, na ce, "Desmond, kada ka taɓa." Wai sakacin wani ne, ya rufe. Ashe hanyar da shanu ke bi su sha ruwa ce. Da muka dawo bayan kwanaki, ƙishirwa ta kashe maruƙa jikin shinge.

Mai shanun ba ta zage mu ba, shebur ta miƙa masa ya binne su. Mutumin da tunda na aure shi bai taɓa rufe ko kabad ba!

Aiko da man shafawa, tafin hannunsa ya saɓule. Ni dai ba zan shafa masa ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki, Noeleen