Littafin da Ya Dawo Fes

Petersburg, 1877

Yaya Odarka,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi.

Masu tace littattafai na sarki sun dawo mana da rubutunmu. Na Arkadi, ɗan Rashan da muke ɗaki ɗaya, ya sha jan tawada, sai zage-zage Arkadi yake yi. Nawa, na waƙoƙin Inna, ko zaren ɗaurinsa ba su kwance ba. Harshenmu na Yukren, wanda sarki ya hana a buga littafi da shi, suka gani a bangon littafin, shi ke nan.

Arkadi ya ce, "Ka huta, ɗan'uwa, ba su taɓa naka ba!"

Na ce, "Kai ai an karanta ka."

Ki aiko min da safar ulu. Ki ce wa Inna ana buga littafin. Allah ya yafe mana.

Ƙaninki,
Yuhim