Mu Uku Muka Sani

Gadarif, 4 ga Rajab

Zuwa ga yayata Ummusalama, a Doka.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ciwon bayan Goggo? Ki gaishe min da ita.

Yaya, ba su ɗauke ni soja ba. A gudu ni na zo na biyu, tsawo da faɗin ƙirji duk sun yi. Da na shiga wajen likita ya sa na tuɓe, ya dudduba ni, sai kawai ya tambaye ni ko na taɓa shan bango, wato wiwi. Na ce ban taɓa ba. Ya yi rubutu, aka ce in tafi gida.

Wa ya gaya masa? Shekara huɗu rabona da abin nan, tun kakar riɗin da na lalace a gonakin Ƙala'at an-Nahal. Kowa, har Goggo, ya ɗauka Kasala na tafi neman aiki. Malam Sharu da ya yi min magani ya rasu. Saura mu uku muka san na yi wata biyar a masidinsa, makarantar allon da yake jinyar masu shaye-shaye: ni, ke, da mijinki Haladu da ya kai ni.

An ga Haladu a kasuwar riɗi makon jiya yana shan shayi da wani soja. Kuma kin san tun bara yake so in zauna in riƙe masa tarakta. Ki auna da kanki.

Ƙanenki,
Mudi

Gadarif, 19 ga Rajab

Yaya Ummusalama,

Gaisuwa mai yawa. Na ga takardarki. Kin ce Haladu ya rantse, wai sojan ɗan ƙanwarsa ne. To, ba ta bakin dangi maganar ta fi saurin isa ba? Rantsuwa kuwa ba ta yi wa kowa wuya.

Direban da ya kawo takardar ya ce kun yi faɗa, kin kwashe yara kin koma wajen Goggo. Ban ji daɗi ba, amma ban ga laifinki ba. Ni ma ko a masallaci muka haɗu ba zan ba shi hannu ba.

Naki,
Mudi

Gadarif, 2 ga Sha'aban

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Goggo da yara. Kunya ta hana ni rubutu kwana uku.

Na tsare likitan nan a bakin ƙofa har ya saurare ni. Na roƙe shi ya faɗa min sunan wanda ya kai ni ƙara. Ya ce in ɗaga wandona. Ya nuna tabon nan da ya zagaye idon ƙafata, ya ce, "Ba wanda ya zo. Wanda ya zauna a mari, ƙafarsa nake gani in gane."

Yaya, na saba da tabon har na manta da shi. Na manta kuma Haladu ne ya yaga rawaninsa ya naɗe min ƙarfen, ranar da ya ga yana cin namana.

Likitan ya ce shan da na bari da daɗewa da sauƙi, ƙaryar ce ta kayar da ni. Zai sake duba ni a ɗauka ta gaba, in na zo da mutumin da ya ga shigata masidin da fitata, ya sa hannu cewa na bari. Ya ce namiji, wanda ba jinina ba.

Kin san mutum ɗaya ne ya rage.

Don Allah ki koma ɗakinki. Ki ƙona takardun nan biyu, ko da yake na san Haladu ya riga ya karanta. Sannan ki tambayar min shi ko zai zo. Ni bakina ba zai iya ba.

Ƙanenki mai neman gafara,
Mudi