Ban Duba Shafi na Shida Ba, Bulus

Zuwa ga abokina Farfesa Bulus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Madam Rahila da yara. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar da kake? Mu nan Garo sai godiya. An cire masara, saura dawa.

Na rubuta wannan a fili, inda kowa zai gani, domin na san halina. Idan ta waya ce, ina jin muryarka zan sake yin ƙarya.

Wata biyu ke nan da ka turo mini takardar bincikenka. Ka ce in duba lissafin shafi na shida kafin ka miƙa wa masu bugawa, wai har yau ba ka ga wanda ya kai ni gano kuskure ba. Bayan mako guda na amsa maka cewa na duba, komai daidai. Bulus, ban duba ba. Kasawa na yi.

Ba wai ban gwada ba ne. Na hau babur har Gwarzo aka buga mini ita a takarda. Mai shagon ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko ta kotu ce. Na tafi da ita gona, na zauna gindin ɗorawa da biro a hannu.

Shafin farko bai ba ni wuya ba, maganarmu ce ta samartaka: a ɗumama gefe ɗaya na abu, a bar ɗayan da sanyi, sai lantarki ya taso tsakaninsu. Wahalar ita ce a sami abin da zai bar lantarki ya wuce amma ya tare zafi, don kada gefen sanyin ya ɗumame komai ya tsaya. A shafi na uku na fara komawa baya. A na huɗu na tarar da alamomin da ban taɓa gani ba. Na shida kuwa na zuba masa ido har aka kira la'asar, kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Kwana biyar ina komawa gindin itacen nan.

Ka tuna ɗan dutsen nan mai ƙyalli da malaminmu na jami'a yake ɓoyewa a gwangwanin madara? Falle-falle yake ɓarewa kamar albasa. Da reza ake yi, kai hannunka rawa yake, ni ke ɓarewa kana rubuta awo. Ni na ce maka idan fallen ya ƙara siranta, zafi zai sha wuyar bi ta cikinsa. Ka ce to in je in ɓare shi da addu'a, tunda reza ta gaza. Yau ga ku kuna ɓare irinsa har ya rage falle ɗaya tak da ido ba ya gani, kuna jera wani a kan wani yadda kuka ga dama. Na yi murna da na karanta haka. Na kuma ji wani ɗaci da ba zan ɓoye maka ba.

Kai ka tafi, ni na dawo gida. An ce za a buɗe ɗakin gwaji a kwalejin da aka tura ni. Kayan sun iso cikin akwatunan katako. Shekara tara ina wucewa ta gabansu ba a buɗe ba, wai sai babban baƙo ya zo ya yanke ƙyalle. Gara ta riga baƙon zuwa. Daga nan aka mai da ni ofis, ina sa hannu a takardun neman hutu har na yi ritaya. Kada ka ce in yi haƙuri. Na yi, shi ne ya kawo ni inda nake.

A majalisa Injiniya suke kirana. Rediyo suke kawo mini gyara, da fitila mai caji. Sau ɗaya na gwada yi musu bayanin aikinka. Alhaji Ado mai taki ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “To Injiniya, in zafi ne ke ba da wuta, ai da mu mutanen Garo ne ke sayar wa Turai.” Aka yi dariya, ni ma na yi, ban sake ɗauko zancen ba.

Da matata Hajara tana raye, ita nake yi wa bayanin. Ba ta gane ko kalma ɗaya, amma tana tsintar shinkafa tana cewa, “Sai kuma aka yi yaya?” Tun da ta rasu, gidan nan babu mai tambayata sai kuma aka yi yaya.

Lokacin da babanka yake koyarwa a Gwarzo, kusan kullum a kwanon Innata kake cin tuwo. Ka san abin da take faɗi idan ta ga sakamakon jarrabawarmu: “Bulus ƙoƙari gare shi, Lawan kuwa kai gare shi.” Shekara arba'in ina rayuwa a kan maganar nan. Inna ta tafi, malamanmu sun tafi, Hajara ta tafi. A duk duniya kai kaɗai ka rage da ke ganin har yanzu ni ne wancan Lawan ɗin. Na ji tsoron idan na ce maka ban gane ba, shi ke nan babu sauran wanda ya san shi. Abin da ya sa na yi maka ƙarya ke nan, ba raini ba.

Saboda haka, ɗan'uwana, kada ka miƙa takardar nan bisa shaidata. Ka ba wani cikin ɗalibanka ya bi lissafin layi-layi. Idan kuma ka riga ka miƙa, aka gano kuskure, ka nuna musu wasiƙar nan, laifin nawa ne.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka daina turo mini. Sai dai ka riƙa yi mini bayani a gefe, da Hausa, yadda za ka yi wa ɗalibin shekarar farko. Na so in ce ba zan ji haushi ba, amma na yi alkawarin daina yi maka ƙarya. Zan ji. Ka turo duk da haka.

Allah ya ƙara maka lafiya da hasken ido, ya raya maka zuri'a, ya jiƙan iyayenmu. Allah ya sa mu sake zama a tabarma ɗaya kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu.

Ni ne abokinka tun daga firamare,
Lawan, daga Garo