Tsargiya da Ruwan Kanal

Laraba, 12 ga Janairu, 1977, Kura

Yau na yi wa Baba bayanin tsargiya, kuma na yi da-na-sanin buɗe bakina. Na gaya masa abin da na gani da idona a makarantar tsafta: ƙwan tsutsa cikin fitsarina, ƙarƙashin madubin likita. Na ce tsutsar a jikin katantanwar kanal, magudanar ruwan noman raninmu, take girma, ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan.

Dariya ya yi har ya ajiye buta. "Kai Sule, fitsarin jini ai balaga ce. Ranar da ka fara naka, ba ni na saya maka hula ba? Yau boko ya mai da shi cuta?"

Amma kullum da asuba ina jin nishinsa a bayan gida, shi da ya balaga shekara arba'in da suka wuce.

Gobe ne layinmu na ba alkama ruwa, shi kuwa mara ta hana shi sunkuyo. Ni zan shiga ruwan kanal ɗin, har gwiwa, ba takalmi. Bambancina da shi kawai, na san sunan abin da ke jirana da Turanci.