Kayan Nola Sun Dawo Fes

Wausau, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga yayata Lorna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwoyin naki? Ina fata zafin Arizona ya yi musu abin da likita ya yi alkawari, don in bai yi ba kin bar mu a banza. Yaya mijinki Harold da hawan jininsa? Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta kusa kai taga. Na daina kiranki a waya tunda kin ƙi sa na'urar kunnenki. Na gaji da faɗa miki sirrina da ihu maƙwabta suna ji.

Kin tambayi jikata Nola. Aikin idon ya yi kyau, wata uku ke nan da cire mata yanar. An sa mata wani tabarau mai kauri da ake ɗaurewa ta ƙeya. Likita ya ce idon yana gani sarai, ita ce dai ba ta san abin da za ta yi da ganin ba. Wata goma sha ɗaya ta yi cikin hazo, ta saba da hannu da kunne. In kin miƙa mata cokali sai ta rufe ido ta lalubo shi. In kin kaɗa makulli a gefenta ta yi ta dariya, amma ba za ta juyo ta ga mene ne ba.

Surukata Tessa ta koma aiki, don haka ɗana Curtis yana kawo mini yarinyar Litinin da Laraba da Juma'a. Ranar Talata kuma wata mata mai suna Renata, mai koyar da yara masu matsalar gani, tana zuwa gidansu. Tun bayan aikin suke gaya mini in riƙa barin ta tana dama abinci da hannu, ina cewa to. Makon jiya suka ce in zo in ga yadda ake yi da idona. Lorna, da na sani da ban karya kumallo ba.

Matar nan ta shimfiɗa leda a tsakiyar kicin, ta tuɓe Nola sai famfas, ta zaunar da ita. Ta juye dafaffiyar taliya mai sanyi a gabanta, ta zuba yogot, ta ƙara markaɗaɗɗen dankali. Yarinya ta dama, ta shafa a gashi, ta cusa a hanci, ta fitar ta mayar baki. Tabarau ɗin ma bai tsira ba. Su kuwa uwar da uban suna tafi kamar ta ci jarrabawa. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina duba tsafta a kamfanin cuku, ni da na taɓa mayar da ƙato gida saboda baƙin farce ɗaya, ina tsaye ina kallon jinina tana lasar leda.

Renata ta ga fuskata ta yi dariya. Ta ce, "Doreen, zauna mana, ba ya cizo. Hannunta ya san cokali, kunnenta ya san ƙararsa, ido ne baƙo a gidan. Sai ta gan shi, ta taɓa shi, ta ji ƙararsa a lokaci guda, sau ɗari, sau dubu, kafin ƙwaƙwalwarta ta yarda abu ɗaya ne. Duk jariri haka yake yi tun daga haihuwa, da yawu da komai, ba ma lura ne kawai." Na ce to ba za a iya yi da cokali mai tsabta ba? Ta ce, "Abin da ya manne a hannu shi ke sa ta buɗe ido ta duba."

Sai ta zo kan wanda ya fi muni. Wai fuska ma haka ake koyonta. Wai in bar Nola ta riƙa taɓa leɓena ina magana, ta ga yana motsi, ta ji sautin yana fitowa daga nan. Da wannan hannun! Tessa tana nan ta buɗe baki, yatsu huɗu a ciki, yogot na gangara mata a haɓa, tana waƙa. Na fita na tsaya a baranda cikin sanyi har suka gama.

A gidana ba a yin haka. Cokali ɗaya, gogewa ɗaya. Hannuwanta ina riƙe su a ƙasan faranti har ta gama. Kuma ba ta mutu ba.

Abu ɗaya ne yake ɗan damuna. In na shiga ɗaki ban yi magana ba, sai ta fashe da kuka, ta ɗauka baƙuwa ce. Ina cewa "Nola, Kaka ce," sai ta yi shiru ta miƙo hannu, ido a rufe. Ta fara gane uwarta da ido, da ubanta. Har karensu Otis take ganewa daga nesa, wannan da take cusa wa hannu a baki yana lashe mata fuska bayan Allah kaɗai ya san abin da ya lasa a waje. Renata ta ce abin zai zo. Zai zo ɗin.

Ki gaida Harold. Ki sa na'urar nan don Allah.

Ƙanwarki,
Doreen


Wausau, 6 ga Maris

Lorna 'yar'uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya ke da Harold. Na ji daɗi da gwiwar hagu ta yi sauƙi, Allah ya sa ta dama ta bi sahu. Takardarki ta iso, na karanta, na ji haushi, na sake karantawa. Eh, na sani, 'ya'yanki huɗu sun tashi a garken shanu suna cin abin da suka tsinta, kuma duk sun rayu. Ba sai kin tuna mini ba. Na taɓa cin abinci a kicin ɗinki.

An kama ni. Kuma kin san me ya tona ni? Wanki.

Duk ranar da za a kawo Nola, Tessa tana haɗo jaka da kaya kala uku na canji. Ni kuma kullum sai in mayar da jakar yadda ta zo, a ninke, rigar jikinta ma fes. Ina ɗauka abin yabo ne. Juma'ar da ta wuce Tessa ta zo ɗaukarta da kanta, ta zazzage jakar a kan teburina, ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Doreen, ko ɗigo babu. Mu riga biyar muke ɓatawa a rana. Me kuke yi a gidan nan?" Na ce muna cin abinci irin na mutane. Ban taɓa ganin fuskar Tessa ta canza haka ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Wata huɗu. Kwana uku a kowane mako. Kin ce mana kina yi."

Gaskiya ne, na ce ina yi. Na ce "to", kuma kin san irin "to" ɗina.

Ta ce likita ya gaya musu ƙwaƙwalwar yaro ba ta jira har abada, akwai lokacin da take haɗa ido da hannu da kunne cikin sauƙi, in ya wuce sai da wahala, wani ma ba ya cika. Ta ce in ba zan iya ba, ba faɗa, akwai gidan rainon yara da zai karɓe ta daga farkon Afrilu. Gidan raino, Lorna! Yara goma sha biyu, kowa da majinarsa har leɓe, suna tauna abin wasa ɗaya suna miƙa wa juna. Na kira Curtis ina tsammanin zai tsaya mini. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ina bayan Tessa. Ba 'yar tsana muke reno ba."

Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. Taliyar da yogot ɗin, in na daure, zan iya. Safar hannu ce da ruwan zafi. Bakin ne ba zan iya ba, kuma ke kaɗai a duniya kika san dalili. Tun ina da shekara talatin da takwas da ciwon dasashi ya kwashe mini haƙoran sama nake sa na roba. Mijina marigayi Walt ya kwana da ni shekara ashirin bayan haka bai taɓa ganina babu su ba. Curtis bai sani ba har yau. Ni mai duba farcen mutane, ni bakina ya ruɓe. Duk safiya in na ciro su daga kofi ina kau da kai, ƙyamar kaina nake ji. Shi ya sa duk lokacin da Nola ta kawo hannu wajen fuskata nake juyar da kai in kama hannun in goge. Na fi sau dubu ina yin haka.

Jiya na shiga falo na manta ban yi magana ba. Ta kalle ni ta cikin tabarau ɗin nan, ta tsandara ihu, ta rarrafa ta ɓuya bayan kujera. Jikata ɗaya tak. Na canza mata famfas ya fi a ƙirga, kuma tsorona take ji kamar ɓarauniya.

Kada ki rubuto mini wa'azi. Addu'a kawai.

Taki,
Doreen


Wausau, 2 ga Afrilu

Yayata Lorna,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Harold, ina fata an rage masa magungunan kamar yadda kika ce. Nan ƙanƙara ta fara narkewa, ko'ina caɓi, duk kashin karnukan unguwa da ta rufe tun Disamba ya fito fili. Na gode da ba ki yi wa'azin ba. Layi biyu kacal, ban san kina iyawa ba.

Na yi. Na roƙi Renata ta zo gidana ranar Laraba, don na san in ni kaɗai ce zan gudu. Na shimfiɗa leda biyu. Na sa safar hannu, ta ce in cire. Na zauna a ƙasa, Nola a gabana, ayaba da yogot da koren wake a tsakaninmu. Cikin minti biyu ta zama abin da ba a kallo. Ta yi atishawa a cikin yogot ɗin, ta dama, ta ci. Renata ta ce, "Yi mata magana, ki matso." Na matso ina cewa Kaka ce, Kaka ce. Hannun ya taho. Wuyana ya so juyawa da kansa, na riƙe shi.

Ɗumi, santsi, tsami. Ba zan kwatanta miki ɗanɗanon ba, ke ma kina da ciki. Yatsun suka bi leɓena, suka shiga, suka kama. Kin san ƙarfin hannun yaro. Ta fizga sau ɗaya, sai ga haƙoran a hannunta.

Na rufe baki da tafin hannu, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Renata ko kallona ba ta yi ba. Ta ce a hankali, "Kar ki motsa. Dubi idonta." Idon a buɗe yake, Lorna. Tana riƙe da haƙorana tana kallonsu. Ta buga su a faranti suka yi ƙwas, ta tsaya, ta kalli wurin da ƙarar ta fito, ta sake bugawa. Sannan ta ɗago ta kalli bakina. Renata ta ce, "Sauke hannun, Doreen. Yi magana." Na sauke. Na ce Kaka ce, da wannan lotsattsen bakin, kalmar ma ba ta fita daidai ba. Ta kalli haƙoran, ta kalle ni, ta yi ƙoƙarin mayar mini da su, da ayaba a jiki.

Da Renata ta tafi na yi amai. Na tafasa ruwa na wanke komai sau uku. Na mayar wa Tessa jakar da riguna uku a jiƙe cikin leda, ta buɗe, ta sansana, ta rungume ni. Maganar gidan raino ta mutu. Na kuma faɗa wa Curtis zancen haƙoran da bakina. Ya ce, "Mama, ai tun ina aji uku na ga kofin."

Kada ki ɗauka na saba. Mako uku ke nan muna yi, kullum sai zuciyata ta tashi. Amma akwai abin da ya fi wannan tayar mini da ita. Na tare Renata a bakin mota na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, watannin nan huɗu da na yi ina riƙe hannun yarinyar, sun rage mata wani abu da ba zai dawo ba? Na so ta ce a'a. Ta ce, "Ban sani ba, Doreen. Ba wanda zai iya sani." Da wannan amsar nake kwana, da ita nake tashi. Na yi wa ƙaramar yarinya ƙarya da iyayenta don kada a ga bakina.

Shekaranjiya Litinin Curtis ya ajiye ta a falo ya wuce aiki. Mura take yi. Na fito daga kicin na tsaya a bakin ƙofa, da gangan ban ce uffan ba. Ta ɗago, ta kalle ni, ta daɗe. Leɓenta ya fara rawa, na ce shi ke nan. Sai ta rarrafo har gabana, ta kama siket ɗina ta miƙe, ta ɗaga hannu sama tana kallon fuskata, ido biyu a buɗe.

Hannun nan duk majina ne, har da gashin kare a manne. Na gan shi sarai. Na durƙusa na buɗe baki.

Ki gaida Harold. Allah ya ƙara muku lafiya, ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Doreen